Zuwa ga majalisar iyayen makarantarmu a Gadarif: ku dawo wa 'yan aji 6 da sanduƙinsu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena 'yan majalisa, Alhaji shugaba, malam liman, da sauran dattawa da iyayenmu mata da ke ciki, ina gaishe ku gaisuwar 'ya ga iyayenta, ya gida ya yara ya kuma haƙuri da wannan zama da muke ciki, Allah ya kawo mana ƙarshensa.

Ni ce malamar lissafi ta aji 6, wadda kuka zauna a kan maganarta ran Asabar ba a kira ta ba, maganar sanduƙin rance da 'yan ajina suka kafa suna ranta wa masu ƙananan sana'a, wanda aka karɓe makullinsa. Ba zan kama sunan makaranta ba kuma ba zan kama sunan kowa ba, wanda ya sani ya sani. Da na so in zo har gida in durƙusa in yi bayani a rufe, amma magana ta riga ta fita ta zaga unguwa ta canza kama, har a gidan suna na ji wata baiwar Allah tana ba da labari, ba ta san ni ce a bayanta ba, wai ustaza ta buɗe banki a cikin aji tana cin riba da kuɗin yara. To tunda a fili aka ɓata abin bari in gyara shi a fili, in na yi kuskure a harshe ku yafe min.

Kun fi ni sanin yadda yaran nan suka dawo mana. Yaƙin da ya tashi 15 ga Afrilu 2023 ya zaunar da su gida sama da shekara, azuzuwan ma bayin Allah da suka gudo daga Khartum da Madani ne suka zauna a ciki, yaron da ya tafi yana iya rabawa ya dawo jadawalin 7 ma sai ya ƙirga da yatsu. Da muka zo darasin kaso cikin ɗari na yi hissa uku, wato darasi uku, ina ta rubutu a allo suna kallona kamar ina yaren Sin. Ran na huɗu na ajiye alli na ce, waye a gidansu ake rubuta su a daftarin jarura, wato daftarin bashi, a dukkan, shagon unguwa kenan? Wallahi hannun da bai tashi ba bai kai biyar ba. Na ce waye innarsa ke zubin sanduƙ, adashi kenan? Suka ɗaga. Na ce waye ya san shel? Nan aji ya kaure, kowa na da labari, wani yaro da tun da aka dawo ban ji muryarsa ba ya miƙe ya faɗa min buhu nawa na dawa aka kwashe a gidansu da kaka da kuma abin da aka ba babansa da damina, ya faɗi lambobin tsaf babu gargada. Muka ɗora lambobinsa a allo muka fitar da kason, aji ya yi tsit. Ranar suka gane darasin, kuma ranar na gane cewa yaran nan cikin bashi aka haife su, suna kwana a cikinsa suna tashi, babu dai wanda ya taɓa zaunar da su ya nuna musu yadda ake lissafa shi. Hausawa sun ce bashi hanji ne yana cikin kowa, amma mu kamar kunyar ambatonsa muke ji a gaban yara alhali su ake aika wa mai dukkan su ce inna ta ce a rubuta.

Ni ma 'yar manomi ce, na san shel ba a littafi ba. A watan takwas, lokacin da rumbu ya ƙare gona kuma tana neman noma, ɗan kasuwa zai ba ka kuɗi ko kaya ya yanka wa buhunka farashin da ya ga dama, ba ka da bakin magana don yunwa na gida, da kaka ya zo da mota har bakin gona. Mahaifina Allah ya ji ƙansa shekara da shekaru yana noma riɗi, kuma Gadarif ce fa, inda kasuwar amfanin gonarta ta yi suna a duk Sudan, amma ban taɓa ganin ya kai nasa kasuwa da hannunsa ya tsaya an yi ciniki ba.

To daga nan maganar sanduƙi ta fito. Na ba su labarin wani malamin jami'a a Bangaladash, Muhammad Yunus, wanda a 1976 ya shiga ƙauyen Jobra kusa da jami'arsu ta Chittagong ya tarar da mata masu yin kujerun gora, ba su da kuɗin sayen gorar, sai su karɓa wurin ɗan kasuwa da sharaɗin shi za su sayar wa a farashin da ya yanka. Ban gama ba yaran suka ce ustaza ai shel ne wannan! Da ya ƙirga, mutum 42 ne, abin da ya ɗaure su gaba ɗaya dala 27, ya ciro daga aljihunsa ya ranta musu. Abin da ya zama bankin Grameen kenan a 1983, a 2006 aka ba shi da bankin kyautar Nobel ta zaman lafiya. Na kuma faɗa musu a wasu ƙasashe 'yan makaranta kan tara kuɗi su ranta ta intanet ta wata ƙungiya da ake kira Kiva, wadda aka kafa a Amurka a 2005, daga dala 25 mutum zai iya sa hannu a rancen wani mai sana'a da bai taɓa gani ba. Sai wata yarinya ta ce to mu me zai kai mu intanet, ga inna mai gyaɗa nan a bakin ƙofa. Maganarta ce, ba tawa ba.

Iyayena ku lura da wannan don shi ne aka fi juyawa: ban karɓi ko jine ɗaya na kuɗin Sudan daga hannun uban kowa ba. Jarin farko ni na sa, zoɓo da sukari da ledar ƙullawa, kuma na sa suka rubuta shi a shafin farko na daftari a matsayin bashin ustaza, shi ne bashi na farko da suka fara biya a rayuwarsu. Suna jiƙa karkade, zoɓon kenan, a gidan ɗaya daga cikin iyaye mata, a sayar lokacin fadur, hutun karin kumallo, a cikin katangar makaranta, minti ashirin a tashi. Ba wanda ya ɗauki tire ya fita titi. Na san ciwon da talla ta yi wa 'ya'yanmu mata, ni ma na yi ta, ba zan ɗora wa 'yar wani ba. Sati shida suka yi, suka biya ni, abin da ya rage ya kai kuɗin malwa 12 ta gyaɗa a lokacin, malwa ita ce mudun awonmu. Su suka zaɓi ma'aji da marubuci da shaidu biyu, ni dai nawa ido, sai in lissafi ya karkace in ce a sake. Har wahalar canji suka sha, don tun da aka sauya takardun 500 da 1000 a ƙarshen 2024 kuɗin hannu ya yi wuya kowa sai ya ce zai tura ta Bankak, manhajar banki ta waya, yara kuwa ina suka ga waya, sai suka ƙirƙiro nasu ƙaramin daftarin jarura na malamai, kuma ku yi haƙuri in faɗa, malamai sun fi yara taurin bashi.

Mutum uku suka ranta wa. Innar da ke soya gyaɗa a ƙofa, wadda ta gudo daga Madani ba ta fito da komai ba sai kaskonta, kullum malwa ɗaya take iya saye a tsada, suka ranta mata ta sayi da yawa lokaci guda. Sai wani saurayi mai agashe, gasasshen naman nan, da ke neman kuɗin gawayi da wayar gashi. Sai wata mata mai kisra, wainar dawa mai faɗi da ake ci da miya. Duk ranar Alhamis ake kawo kaso, a ƙirga a gaban shaidu a rubuta. Abin da aka ba ka shi za ka dawo da shi, ba ƙarin ko sisi.

Yanzu ga abubuwan da aka ce min kun faɗa. Na farko wai riba ce, ko hanyar riba ce, kayan ƙungiyoyin Turawa ne. Malam liman, kai ne malaminmu, a gabanka na yi haddar Baƙara. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282, a kan me take? A kan bashi ce, a rubuta shi, a sa lokaci, a kafa shaidu, kada a ƙosa da rubuta shi ƙarami ne ko babba. Ita muka rubuta a bangon daftarin. Gaskiya ne bankin Grameen na karɓar ruwa, kuma ban ɓoye wa yara ba, na ce musu wannan ɓangaren ba namu ba ne. Namu ƙardul hasan ne, kuma ba mu muka fara ba, a Pakistan akwai Akhuwat da Amjad Saqib ya kafa a 2001, rance ba ruwa suke bayarwa kuma a masallatai ake raba shi. In ma an koma baya, ga hadisin da Abu Dawud ya kawo na mutumin Ansar da ya zo roƙo, Annabi (SAW) ya sayar da ɗan shimfiɗinsa da ƙoƙonsa dirhami biyu, ya ce ɗaya abinci ɗaya gatari, je ka yi itace kada in gan ka sai bayan kwana 15, ya dawo da dirhami 10. Wannan fa tun muna makarantar allo muke jin sa, me ya sa in an zo aikata shi sai ya koma na Turawa?

Na biyu wai ina koya musu son kuɗi ga jarrabawa na tafe. Ku zo ku duba takardunsu, ba sai na yi rantsuwa ba, gani ya kori ji. Kuma akwai abin da suka gano da kansu wanda ni ban shirya koya musu ba. Da saurayin agashe ya gama biya tsaf, marubucin ya je ya tambayo farashin gyaɗa ya dawo ransa a ɓace, ya ce ustaza an cuce mu, ya biya duka amma kuɗin da ya sayi malwa 4 yanzu 3 da ɗan abu yake saye, waye ya sace? Babu wanda ya sace, tsadar kaya ce. Ƙasar da a 2021 tun ma kafin yaƙi hauhawar farashi ta haura kashi 350 cikin ɗari, ai dole yaro ya san wannan ɓarawon da ba a gani. Hissa biyu suka yi suna gardama, wasu na cewa a ƙara wa mai biya wani abu, wasu suka ce ai shi ne ribar da aka hana, wata ta ce to a daina ranta kuɗi a ranta gyaɗar kanta, malwa a dawo da malwa, wani ya ce a'a a shiga da mai sana'a a raba abin da aka samu, in an faɗi a faɗi tare. Yaro ɗan shekara 13 ya kai kansa bakin mudaraba bai san sunanta ba! Na ce musu hukuncin wannan ba nawa ba ne, za mu gayyato malam liman ya warware mana, shi ne ban kai ga gayyatar ba aka karɓe makulli.

Kuma iyayena, yaran nan nan da shekara biyar shida su ne za su tsaya a gaban tebur ɗin banki. Babban bankin Sudan tun wajen 2007 ya sa wa bankuna ƙa'idar ware kashi 12 cikin ɗari na kuɗin da suke bayarwa don ƙananan masu sana'a, tamwil asgar da muke ji a rediyo, aka buɗe Bankin Usra a 2008 don wannan, ga Bankin Iddikhar, ga bankin manoma da ke ba da salam. Kuɗin akwai su a takarda. Amma mutanenmu nawa ne ke shiga su fito sun fahimci abin da suka sa wa hannu? A ce maka murabaha, banki ya sayi kaya ya sayar maka da ƙari ka biya kashi kashi, ka sa hannu a cak, ka kawo mai tsaya maka shi ma ya sa hannu, ba ka lissafa ko sana'ar za ta iya fitar da kason wata ba, ranar da cak ya dawo sai ka ji kalmar da kowa a Sudan ya sani, yabƙa li hinis sadad, yana tsare sai ya biya. Wanne gida ne a unguwar nan bai san wani da wannan ta ci ba? Salam da shel a ido kamar ɗaya suke, kuɗi yanzu amfani da kaka, kuma hadisi ya ce a yi salam da mudu sananne, awo sananne, lokaci sananne, amma wanda bai iya lissafi ba ta ina zai gane an yanka masa farashin zalunci? Ni abin da nake so kenan, yaro ya iya cewa dakata in lissafa kafin ya dangwala yatsa.

Ba kuma na ce musu rance maganin talauci ba ne. Na faɗa musu a jihar Andhra Pradesh ta Indiya a 2010 kamfanonin ƙananan rance sun yi ta ɗora wa talakawa bashi kan bashi suna matsa musu, har aka yi ta samun masu kashe kansu, sai da gwamnatin jihar ta taka musu birki. Binciken da masana suka fitar a 2015 daga ƙasashe shida, ciki har da Habasha maƙwabciyarmu da Maroko, ya nuna rancen na taimaka wa wasu su faɗaɗa sana'a amma bai fitar da yawancin mutane daga talauci ba. Wanda ke da sana'a a hannu jari ya rasa, shi rance ke ɗagawa. Wanda yunwa ko ciwo ya kayar, sadaka da zakka yake buƙata, in ka ba shi bashi ka ƙara masa kaya ne.

Wannan ma a aikace suka gan shi, kuma a nan ne laifina yake. Matar nan mai kisra ta biya sau biyu sai ɗanta ya kwanta, kuɗin ya tafi a magani, Alhamis uku ba ta zo ba. Ni kuma da wautata tun farko na bari ana karanta sunaye da ƙarfi a aji, wance ta kawo, wane bai kawo ba. Ashe ɗan ƙanwarta na aji 4. Wasu yara biyu suka tare shi a wajen fadur suna cewa ku biya mu kuɗinmu, yaro ya koma gida yana kuka, matar ta ji, ta aiko da tukunyarta wai a sayar. Wallahi ranar ban yi barci ba. Wanda ya ce a majalisa bai dace yaro ya bi sa'ar uwarsa bashi ba, ya zubar mata da mutunci, ya yi gaskiya, ban da ta cewa. Kuma ban nemi izininku ba kafin in fara, mudir, shugaban makaranta, kawai na faɗa wa a tsaye a bakin ofis, wannan ma laifi ne na karɓa, ina neman afuwa.

Amma ku ji abin da ya biyo baya, don shi ba a kai muku ba. Washegari na rufe ƙofar aji muka karanta aya ta 280, in wanda ake bi yana cikin ƙunci a jira shi har ya samu sauƙi, in kuka yafe shi ya fi muku alheri. Na kuma kawo musu hadisin da ke cewa jan bashi ga mai hali zalunci ne, na ce to ku faɗa min, ita wacce ce a ciki, mai hali da ke ja ko mai ƙunci? Ba su yarda nan take ba, kar ku ɗauka mala'iku ne, ma'ajin har hawaye ya yi yana cewa sati shida muna dafa zoɓo. Aka yi ta ja, a ƙarshe suka ɗaga hannu, mafi yawa suka ce a yafe, aka ja layi a shafinta aka rubuta an yafe don Allah, shaidu suka sa hannu. Yaran biyu da suka yi tsokanar su suka ɗauki tukunyar suka mayar mata, na raka su, suka durƙusa suka ba ta haƙuri. Ni dai a shekarun da na yi ina koyarwa ban taɓa ba da darasin tarbiyya da ya shiga kamar wannan ba, kuma ba ni na tsara shi ba.

Don haka abin da nake roƙo ba wai ku bar ni in ci gaba yadda na fara ba ne. Ku shigo ciki. Ku ba mu dattijo ɗaya da uwa ɗaya daga majalisa su zama su ne tsakanin yara da masu karɓa, su za su san suna, su za su kai su karɓo, a daftarin aji kuwa lamba kawai za a rubuta, yaro ya ga lissafi bai ga fuskar kowa ba. Kada a ranta wa iyayen 'yan ajin ko danginsu na kusa. Makulli ya zauna wurin wanda kuka yarda da shi, duk ƙarshen wata a kawo muku daftari ku duba. Malam liman ya ba mu hissa ɗaya a wata ya koya musu bambancin ƙard da murabaha da mudaraba da salam da Hausar da za su gane, don littafin makaranta da Larabci yake kuma da yawansu sai an juya musu zuwa harshen gida abu ke zama. In shekara ta ƙare kuɗin ba na kowa ba ne, a miƙa wa 'yan aji 5 da ke tahowa da daftarin duka, har da shafin da aka yafe. Sauran malamai na makarantun unguwanninmu, a Kasala ko Sinnar ko Mai Wurno, in wani zai gwada, don Allah ya fara da zuwa wurin iyaye, kada ya yi irin tawa.

Alhaji, sanduƙin na ofishin mudir a kulle tun ran Lahadi. Innar gyaɗa saura mata kaso biyu ta gama, ran Alhamis ta zo da kuɗinta a ƙulle a bakin mayafi ta tsaya har aka tashi ba ta ga marubuci ba, ta ce min ita ba ta son kwana da kuɗin yara. Na ƙi karɓa don kar a ce. Alhamis mai zuwa za ta sake zuwa bayan fadur, ina roƙon ku aiko da wanda zai karɓa ya rubuta mata.

Wassalamu alaikum.

'Yarku,
malamar lissafi ta aji 6, Gadarif